Kare Keke Daga Ɓarawo: Darasi Daga Rayuwar Dabbobi

Gabatarwa

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929, aka shiga fitar da gyaɗa da auduga daga wannan yanki ana shigo da kayan kanti, keke ya zama abin da manomi ke burin saye idan kaka ta yi kyau. Dattawan Zurmi da Shinkafi suna iya tuna zamanin da ake nuna mai Raleigh da yatsa, da zamanin da En'e ke yanka wa keke lasisi. Daga baya babur ya zo ya danne shi. Amma a shekarar 2021 Gwamnatin Jihar Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da man fetur saboda matsalar tsaro, sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin mai, farashinsa ya ninka. Wannan ya sa mutane da yawa suka kakkaɓe wa kekunansu ƙura.

Ga ɗalibin da ke zuwa makarantar jeka-ka-dawo daga ƙauye, rasa keke na iya zama rasa zangon karatu guda. Ga mai kai kayan lambu kasuwa kuwa, jarinsa ne ya tafi. Saboda haka wannan darasi zai duba yadda za a kare keke idan an kafe shi a bainar jama'a. Za mu nemi amsar a fagen ilimin halittu, domin tun kafin ɗan Adam ya ƙera kwaɗo da mabuɗi, dabbobi ke fama da masu neman ɗauke su, kuma masana sun daɗe suna nazarin dabarun da suke bi su kuɓuta.

Sai dai a kula. Ɓarawo mutum ne mai hankali, wanda zai amsa laifinsa gaban shari'a da gaban Mahaliccinsa, shaho kuwa abincinsa yake nema. Abin da ya haɗa su guda ne: kowannensu yana auna abin da zai samu da wahalar da zai sha kafin ya kai hari.

Lissafin Mafarauci

A shekarar 1978 waɗansu masana biyu a Birtaniya, Robert Elner da Roger Hughes, suka yi gwaji da ƙaguwar bakin teku. Abincinta wata 'yar halitta ce mai ɓawo biyu masu tauri, sai ta fasa ɓawon kafin ta kai ga naman. Suka zuba mata manya da matsakaita da ƙanana, suka zura ido. Mai karatu zai zaci manyan za ta fara ɗauka, tunda sun fi nama. Ashe matsakaitan ta fi zaɓa. Dalili shi ne, manyan suna cin lokaci mai tsawo kafin su fasu, ƙananan kuma naman cikinsu bai taka kara ya karya ba. Ana iya rubuta wannan ƙa'ida kamar haka:

riba = abin da aka samu ÷ lokacin da aka ɓata

Bari mu ɗora ta a kan keke. A ƙaddara kekuna biyu ne masu kuɗi ɗaya a bakin kasuwa. Na farko ba a kulle shi ba, daƙiƙa 10 ta isa a hau shi a tafi. Na biyu an ɗaure shi da sarƙar da sai an yi minti 5 ana gurza ta, wato daƙiƙa 300. A lissafin ɓarawo, na farko ya fi na biyu riba sau 30. Bugu da ƙari, duk daƙiƙar da ya ƙara yana tsugune gaban keken da ba nasa ba, haɗarin a gan shi ƙaruwa yake yi.

Masu nazarin laifuffuka sun iso ga irin wannan ra'ayi ta tasu hanya. A shekarar 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson na Amurka suka bayyana cewa sata takan auku ne idan abubuwa uku suka haɗu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya: mai niyyar sata, da abin da ya yi daɗin ɗauka, da rashin mai tsaro. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen da ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai keke ba ya da iko da zuciyar ɓarawo, amma sauran biyun suna hannunsa. Aikinsa uku ne: ya tsawaita lokacin da ɓarawo zai ɓata, ya yawaita idanun da ke kallon keken, ya kuma rage amfanin da za a samu idan an ɗauke shi.

Darasi na Farko: Kunkuru da Bushiya

Kunkuru ba ya da gudu, bushiya ba ta da ƙarfin faɗa. Ɗaya ya dogara da ƙoƙon bayansa, ɗaya da ƙayoyinta. Kura mai ƙarfin muƙamuƙi tana iya fasa ƙoƙon kunkuru, amma dabbobi da yawa sukan jujjuya shi su gaji, su tafi neman abin da ya fi sauƙi. Haka kwaɗo da sarƙa suke. Babu makullin da ba a iya karyawa. Amfaninsa shi ne ya ci wa ɓarawo lokaci har ya haƙura.

Yawancin kekunan da ake hawa a wannan yanki suna zuwa da ɗan makulli mai kama da zobe a ƙafar baya. Wannan yana hana ƙafar juyawa ne kawai. Keke irin wannan nauyinsa wajen kilo 20 ne, bai kai rabin buhun siminti ba, don haka saurayi guda zai saɓa shi a kafaɗa ko ya jefa shi bayan mota. Wanda ya gan shi ma sai ya zaci taya ce ta yi faci. Ga ƙa'idojin ɗauri mai kyau:

1. A ɗaure keken jikin wani abu kafaffe, kamar turken ƙarfe da aka dasa da siminti, ko ƙarfen taga, ko bishiya mai kauri. Dirkar rumfar kasuwa ana iya tumɓuke ta, gajeren turke kuma ana iya ɗaga keken a zare sarƙar ta samansa.

2. Sarƙar ta ratsa ƙarfen jikin keken da ƙafar baya gaba ɗaya. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai, zai iya dawowa ya tarar da ƙafar tana jiransa, an kwance noti biyu an tafi da sauran.

3. Kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa. Idan yana ƙasa, ƙasar ta zama maƙera, guduma ɗaya ta isa. Idan yana reto a sama, bugun ba ya samun madogara.

4. A ɗaure tamau. Sarƙa mai sako-sako tana ba da wurin da za a zura ƙarfe a murɗa.

5. Idan da hali, a yi amfani da makulli iri biyu, wato zoben ƙafar baya da kuma sarƙa. Kowanne yana bukatar nasa kayan aiki da nasa lokaci.

Wajen sayen sarƙa, ɗalibai su tuna da lissafin faɗin da'ira. Ƙarfe mai kaurin milimita 5, faɗin bakinsa idan an yanke shi kimanin murabba'in milimita 20 ne. Mai kaurin milimita 10 kuwa nasa ya kai kimanin 79. Wato idan kauri ya ninka sau biyu, ƙarfen da zarto zai ci ya ninka sau huɗu. Har ila yau, ƙarfe iri-iri ne. Akwai wanda aka gasa aka tsoma shi don ya yi tauri, yadda maƙeranmu ke yi wa bakin gatari. A goga magagari a jikin sarƙar: idan ya ci ta nan da nan, mai taushi ce, idan kuwa ya riƙa zamewa, ta yi.

Akwai wata ƙa'ida ta ilimin tsirrai da Bajamushen nan Justus von Liebig ya yaɗa a ƙarni na 19, cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a cikin ƙasa, komai yawan sauran. Tsaron keke ma haka yake. Sarƙa mai kauri da kwaɗo na banza, ko kwaɗo mai kyau da ruɓaɓɓen turke, duk ƙarfinsu bai wuce na abin da ya fi rauni a cikinsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasi na Biyu: Garke da Idanu

Me ya sa zabi da hasbiyoyi da barewa suke kiwo a garke? Dalili na farko lissafi ne. Idan shaho zai ɗauki tsuntsu guda daga cikin 50, haɗarin da ke kan kowannensu kashi 2 ne cikin 100. Wanda ya ware shi kaɗai kuwa, duk haɗarin a kansa yake. A shekarar 1971 William Hamilton ya yi bayanin cewa kowace dabba tana ƙoƙarin kutsawa tsakiyar garke ne don ta bar 'yan uwanta a gefe, inda hari ya fi sauka.

Dalili na biyu shi ne yawan idanu. A shekarar 1978 Robert Kenward ya yi gwaji a Ingila da wani horarren shaho, yana sakin sa a kan tattabarun daji. Idan tattabara ita kaɗai ce, shahon yakan yi nasara kusan sau 8 cikin 10. Idan garken ya haura 50, nasararsa ba ta kai sau 1 cikin 10 ba, domin tun yana nesa wata daga cikinsu ta hango shi, duk sun tashi. Brian Bertram kuma ya lura da jiminu a ƙasar Kenya, ya bayyana a 1980 cewa jiminar da ke cikin 'yan uwanta ba ta yawan ɗaga kai kamar wadda ke ita kaɗai, tana samun sukunin kiwo, amma duk da haka yawan lokacin da aƙalla ɗaya daga cikinsu kanta ke sama ya ɗan fi na wadda ke ita kaɗai.

A nan ne ya kamata mu yi hattara, domin akwai bambanci babba. Garken tattabaru yana da idanu, garken kekuna ba shi da ko ɗaya. Kekuna 100 a jere ba tare da mai gadi ba, sun zama rumfar zaɓe ga ɓarawo. Zai shiga tsakaninsu kamar mai neman nasa, ya duba wanda ba a kulle ba, kamar yadda kura ke ware gurguwar akuya daga garke. Saboda haka taron kekuna yana amfani ne idan an haɗa shi da idon mutum.

Idon da ake nufi kuwa shi ne na wanda ya san keken da mai shi. Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis tana tara dubban mutane daga garuruwa na kusa da na nesa, har da Jamhuriyar Nijar. Idanu sun yi yawa a wurin, amma kowa cinikinsa yake yi, kuma baƙo bai san wane ne mai wane keke ba. Mai shayi guda, ko mai faci, ko mai rumfar da aka gaisa da shi aka ce, "Baba, ga kekena nan, a duba mini," ya fi mutum dubu masu wucewa. Inda kuwa akwai masu ajiyar kekuna da babura da ke ba da lamba, ɗan kuɗin da za a biya su bai kai na sabuwar taya ba, balle na keke.

Lokaci ma abin lura ne. Da rani, zaki ba ya yawon neman barewa, mashaya yake zuwa ya laɓe, don ya san dole su zo. Ɓarawon keke shi ma ya san lokutan da masu kekuna ba za su waiwayo ba: lokacin da aka tayar da sallar Juma'a, da ranar jarrabawa, da sa'ar da ake kallon ƙwallo, da lokacin da mutum ya shiga asibiti a gigice da marar lafiya. A irin waɗannan lokuta ne ake cewa "yanzu zan fito", a bar keke a sake. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɗaure raƙumi bai saɓa wa tawakkali ba.

Darasi na Uku: Idanun Bogi

Waɗansu nau'o'in malam-buɗe-littafi suna da zane mai kama da idanu a fukafukansu, wanda kan sa tsuntsu ya yi turus. A yankin Okabango na ƙasar Botsuwana, masana sun gwada wannan dabara a kan shanun da zakuna ke addaba. Suka zana idanu a ɗuwawun shanu 683, suka yi wa 543 alamar gicciye kawai, suka bar 835 haka nan. A sakamakon da suka fitar a 2020, cikin shekaru huɗu ba a kashe ko ɗaya daga masu zanen idanu ba, an kashe 4 daga masu gicciye, da 15 daga waɗanda ba a yi wa komai ba. Zaki mai kwanton ɓauna ne, idan ya zaci an gan shi sai ya fasa.

An yi irin wannan gwaji a kan satar keke kanta. A Jami'ar Newcastle ta Ingila, Daniel Nettle da Kenneth Nott da Melissa Bateson sun kafa alluna masu hoton idanun mutum, da rubutun gargaɗi ga ɓarayi, a wurare uku da aka fi satar kekuna. Suka kwatanta shekara guda kafin kafa allunan da shekara guda bayansa. A rahotonsu na 2012, sata ta ragu da kashi 62 cikin 100 a wuraren nan uku. Amma a sauran wuraren jami'ar da ba a kafa allo ba, sai ta ƙaru da kashi 65 cikin 100.

Wannan sakamako yana da fuska biyu, kuma ya kamata ɗalibin kimiyya ya dube su duka. Ta farko, jin cewa ana kallon mutum yana sauya halinsa, ko da kallon na hoto ne. Ta biyu, ga alama ɓarayin ba su tuba ba, matsawa gaba suka yi. Don haka makarantar da ta tsare gaban ofishin shugaba ta bar bayan ajujuwa, ta sauya wa matsalar mazauni ne kawai. Ya fi kyau a tara dukkan kekuna wuri ɗaya, a fili, inda tagar ɗakin malamai ko rumfar mai gadi ke kallo, a sa mai walda ya kafa dogon ƙarfe da za a riƙa ɗaure su a jikinsa. Allon idanu ƙari ne a kan haka, kuma tsoronsa na iya gushewa idan aka gane babu kowa a bayansa.

Darasi na Huɗu: Farar Tumfafiya

Ana kama fara a soya a sayar, amma ba wanda ke kama farar tumfafiya. Tana cin ganyen tumfafiya mai dafi, jikinta ya ɗauki dafin, sa'an nan ga ta da launi mai ɗaukar ido. Ba ta ɓuya, ba ta saurin tashi. Launinta sanarwa ce ga tsuntsaye cewa wahalar kama ta ba ta da lada.

Ɓarawo ba hawa yake so ba, sayarwa yake so. Keken da kowa ya san mai shi ya zama farar tumfafiya a hannunsa. Ga hanyoyin da za a bi:

1. Kusan kowane keke yana da lamba da aka buga a ƙarfen jikinsa, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko kusa da gindin sirdi. A kwafe ta a littafi. Idan ta dushe, a ɗora takarda a goga fensir a kai, za ta fito.

2. A adana rasit. Idan na hannu aka saya, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da shaidu da lambar keken.

3. A yi masa alamar da ake gani daga nesa, kamar fenti mai launi dabam ko sunan makaranta, yadda makiyaya ke yi wa dabbobinsu shaida.

4. A yi masa kuma alamar ɓoye. A rubuta suna a 'yar takarda, a naɗe ta da leda, a cire sirdi a tura ta cikin bututun da ke ƙarƙashinsa. Ranar gardama, ita za ta raba.

5. A ɗauki hotonsa da waya, har da lambar.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya ba da lasisin keke cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Rajista irin wannan tana da amfanin da ya wuce tara haraji, domin littafi ne da ke haɗa lamba da mai ita. Kowace makaranta tana iya buɗe nata littafin ba tare da ta kashe ko kwabo ba.

Idan An Riga An Sace

A sanar da 'yan sanda da mai unguwa nan take, tare da lambar da kamannin keken. A kai cigiya wurin masu gyaran keke da dillalai da sarkin kasuwa, har na garuruwan maƙwabta, domin abin da aka sace a gari ɗaya yakan ɓulla a kasuwar wani. Kada a sayi keke mai arhar da ta wuce hankali, ko wanda aka kankare lambarsa, saboda mai sayen kayan sata shi ke ciyar da sana'ar. Idan kuma an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Kekuna suna kama da juna, mutum yana iya ɗaukar na wani bisa kuskure, kuma ran ɗan Adam ya fi ƙarfin kowane keke.

Aikin Aji

Na farko: A sami wurin da kurciyoyi ko zabi ke kiwo. A zaɓi tsuntsu guda, a ƙirga sau nawa ya ɗaga kai cikin minti 2, a rubuta yawan 'yan uwan da ke tare da shi. A maimaita da tsuntsaye 20 aƙalla, a zana jadawali. Shin sakamakon ya yi daidai da na Bertram?

Na biyu: Har kwana 5 a jere, a ƙirga kekunan da ke makaranta, a kasa su huɗu: waɗanda ba a kulle ba, masu zobe kaɗai, masu sarƙar da ba a ɗaura a jikin komai ba, da waɗanda aka ɗaure a kafaffen abu. A fitar da kashi cikin 100 na kowane rukuni, a kai wa shugaban makaranta tare da shawarwari. Ƙirga kekuna ake yi, ba a rubuta sunan kowa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙaguwa ta fi zaɓar matsakaicin abinci a kan babba?

2. Sarƙa mai kaurin milimita 12 ta ninka mai milimita 4 sau nawa wajen faɗin bakin ƙarfe?

3. Da a ce masanan Newcastle ba su ƙirga satar da aka yi a wuraren da babu allo ba, wane kuskure za su yi wajen fassara sakamakonsu?

4. Kawo wata dabba ko tsiro na yankinku mai dabarar kare kai da ba a ambata a nan ba, ka bayyana yadda mai keke zai yi koyi da ita.